Gyaran Jirgin Faiba: Kada Danƙo Ya Riga Ka Daskarewa

Manoman bakin Kwara da na tafkin Kainji sun san jirgi ba na masunta kaɗai ba ne. Da shi ake ƙetarewa gona, da shi ake kai albasa da shinkafa kasuwar Yawuri. Yanzu kuwa akwai jiragen faiba tsakanin na katako. Su in sun tsage ba a toshe su da tsumma, sai da ƙyallen zaren gilashi da wani danƙo mai kamar zuma da ake kira rezin, irin na foliyesta.

Da bazara na tarad da wani mai jirgi a bakin ruwa, rana tsaka, ya dama rezin cike da gwangwani. Kafin ya shafa sulusinsa sauran ya yi zafi har ba ya taɓuwa, ya daskare da buroshi a ciki. Ya ce lalle mai kanti ya cuce shi. Na ce masa ba cuta, zafi ne.

Ga yadda abin yake. Rezin ba bushewa yake yi kamar fenti ba. Sai an ɗiga masa maganin daskarewa, wanda aka rubuta MEKP jikin kwalbarsa, sa'an nan ya soma kamawa, yana fid da zafi da kansa. Zafin nan kuma shi ke ƙara masa sauri. In zafin gari digiri 25 ne, mutum yana da kamar minti 15 zuwa 20 na aiki. Duk ƙarin digiri 10 yakan rage kusan rabin wannan lokaci. To, ku duba watan Afrilu da zafi kan kai 40.

Saboda haka a auna magani, kada a zuba da ka. Ƙa'ida ita ce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari, watau mililita 10 zuwa 20 ga kilo guda na rezin. Sabon sirinji ya isa awo. Da zafi a tsaya kan 10. Amma kada wayo ya sa a yi ƙasa da haka, don facin zai zauna da danƙo-danƙo, ba ƙarfi, wata rana ya ɓamɓare ana tsakiyar ruwa da lodi.

A riƙa dama kaɗan kaɗan, gwargwadon abin da hannu zai shafe cikin minti 10, a juye a faffaɗan faranti. A gwangwani mai zurfi zafi ke taruwa, a faranti kuwa sai ya watse. A yanka ƙyalle, a kankare wurin, a tabbata ya bushe sarai tun ba a buɗe kwalba ba. Galan ɗin rezin ya kwana a inuwa, naɗe da jiƙaƙƙen buhu, amma ko ɗigon ruwa kada ya shiga ciki. Aiki kuma da sanyin safiya, ƙarƙashin rumfa. Da hunturu fa a jira hantsi, gama ƙasa da digiri 15 ba ya kamawa sosai.

Waɗansu kan tsinka shi da fetur wai don ya jima. Wannan ɓarna ce kawai. Maganin nan kuma yana makantarwa. In ya fantsama a ido a yi ta wankewa da ruwa mai yawa, a tafi asibiti nan da nan.