Idon Kyamara a Zangon Ankara: Inganci Ko Araha?

1.0 Gabatarwa

Idon kyamara shi ne jerin gilasan da ke tattara haske su kai shi kan fim ko na'urar ɗaukar hoto. A Nima da Maamobi, inda suna da aure da Sallah ba sa wucewa ba hoto, zaɓen wannan ido babban lamari ne ga mai hoto, domin da shi yake ci.

2.0 Ƙirar Da

A zamanin da James Barnor ya buɗe situdiyonsa na Ever Young a Jamestown, cikin shekarun 1950, da ƙarfe da gilashi ake ƙera idon kyamara, kuma da hannu ake saita shi. Misali shi ne Helios-44 na Tarayyar Sobiyet. Irin wannan ido yana jure faɗuwa, kuma mai gyara zai iya kwance shi ya wanke, ya sabunta masa maiko. An ƙera shi da yawa, shi ya sa na hannu bai da tsada.

3.0 Ƙirar Zamani

A 1987 kamfanin Canon ya fito da tsarin EF, wanda ya sa ƙaramar mota a cikin ido domin ya saita kansa. Don rage farashi, idonsa mai milimita 50 na 1990 har mahaɗinsa na roba ne. Sai a samfurin 2015 aka dawo da na ƙarfe. Gilashin zamani ya fi hana haske dagula hoto, amma idan motar ta lalace, sau da yawa gyara yakan kusa kuɗin sabo.

4.0 Yanayin Ankara

Danshin damina, musamman a watan Yuni, yana haifar da fumfuna a cikin gilashi, ƙurar hunturu kuma tana shiga mahaɗai. Don haka mai sayen tsohon ido ya haska tocila ta cikinsa. Idan ya ga zare-zare kamar yanar gizo, fumfuna ta kama.

5.0 Kammalawa

Hausawa na cewa araha ba ta ado, amma nauyin ƙarfe ma ba shi ne inganci ba. A situdiyo, inda mutum ke zaune cak, tsohon ido ya wadatar. A taron biki kuwa, inda fitowar amarya ba ta maimaituwa, mai saita kansa ya fi, ko da na roba ne.