Yadda Cunkoson Birni Ke Sauya Ƙwarin da Ke Cin Itatuwan Fagge da Sabon Gari

A kewayen Kantin Kwari da kasuwar Singa da kasuwar Sabon Gari, inuwar itace dukiya ce. A ƙarƙashinta mai shayi yake kafa teburinsa, mai faci yake ajiye kayan aikinsa, matuƙin adaidaita sahu yake jiran fasinja. Sai dai da yawa daga cikin itatuwan da suka rage a waɗannan unguwanni ba su da cikakkiyar lafiya. Za a ga mangwaron da ganyensa ya yi baƙi kamar an shafa masa kunkunniya, ko dalbejiyar da rassanta na sama suka bushe, ko motar da aka ajiye a inuwa gilashinta ya yi danƙo. Galibi akan ɗora laifin a kan hayaƙin motoci kaɗai, alhali sau da yawa akwai aikin wasu ƙananan ƙwari da zaman birni ya yi musu daɗi.

Abin da masana ilimin ƙwari suka gano shi ne, birni yakan tace ƙwarin itatuwa. Wasu sukan ragu har su ɓace, wasu kuma su hayayyafa fiye da yadda suke yi a daji. Waɗanda suka fi cin riba kuwa su ne masu tsotsar ruwan jikin itace.

Yadda ƙasar ta canza

Fagge ta samo asali ne a matsayin zangon fatake a wajen ganuwar Kano. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari a wajajen 1913 domin baƙin da suka biyo shi. A ƙidayar 2006, Ƙaramar Hukumar Fagge, wadda Sabon Gari ke cikinta, tana da mutum kusan 200,000, ban da ɗimbin jama'ar da ke shigowa kasuwanninta kullum su koma da yamma. A tsawon wannan lokaci filaye sun zama shaguna, tsakar gidaje sun zama ɗakunan ajiyar kaya, an shimfiɗa kwalta da siminti da intalok a inda ƙasa take shan ruwa a da.

Kwalta da siminti da rufin kwano suna zuƙar zafin rana su riƙe shi, su riƙa sakinsa bayan magariba. Ga kuma zafin janareto da na injinan motoci. Shi ya sa tsakiyar birni take fin karkarar da ke kewaye da ita zafi, musamman da dare. A Kano, inda zafin watan Afrilu yake kaiwa digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, ƙarin digiri ɗaya ko biyu ba ƙaramin abu ba ne ga itace, haka ma ga ƙwaron da ke jikinsa.

Masu tsotsa ne ke cin riba

Ƙwarin da ke cin itace sun kasu kashi uku. Akwai masu taunar ganye, kamar tsutsa da fara. Akwai masu huda kututture da rassa, kamar gara da wasu tsutsotsin da ke fafe itace daga ciki. Sai masu tsotsa, waɗanda ke da baki kamar allura, su manne a bayan ganye ko a jikin reshe suna zuƙar ruwansa. Daga cikinsu akwai mai ɓawo, wanda yake kama da ɗigon tsatsa a jikin ganye, da kuma farin nan mai kama da ɓurɓushin auduga.

Ƙwaro ba ya iya daidaita zafin jikinsa, don haka ɗumin wuri yake ƙayyade saurin girmansa. A inda dare ba ya sanyi, yakan girma da wuri, ya yi ƙwai da wuri. A 2013 masu bincike a birnin Raleigh na Amurka sun wallafa cewa wani ƙwaro mai ɓawo da ke kama itatuwan bakin titi ya ninka har sau 13 a sassan birnin da suka fi zafi, idan aka kwatanta da sassan da suka fi sanyi. Daga baya sun nuna cewa zafin yana sa shi yin ƙwai da wuri, ta yadda ƙananan ƙwarin da ke kashe shi ba sa cim masa yadda ya kamata.

Sai kuma ƙishirwa. Ruwan saman Kano yana zuba ne cikin watanni huɗu zuwa biyar. Itacen da aka zuba wa siminti har gindi ba ya samun rabonsa ko a cikin waɗannan watanni, domin ruwan yana gangarewa kwata. Itace mai ƙishirwa ba ya iya kare kansa sosai, kuma sinadaran abinci da ke cikin ruwan jikinsa sukan ƙara kauri, abin da mai tsotsa yake so ke nan.

Abin da masu tsotsa suka kasa narkarwa sai su fitar da shi a matsayin ruwa mai zaƙi da danƙo, irin wanda manoman dawa suka sani da sunan darɓa. Shi ne yake ɗiga a kan motoci da rumfuna. A kansa ne wata baƙar funfuna take tsirowa ta rufe ganye, ta tare masa hasken ranar da yake haɗa abinci da shi. Tururuwa kuma tana son zaƙin, saboda haka takan yi gadin ƙwarin, ta kori duk abin da ya zo cin su.

Darasi daga dalbejiya da mangwaro

Dalbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko maina, ba 'yar ƙasa ba ce. Asalinta daga yankin Indiya ne, kuma an fara shuka ta a lardin Borno a wajajen 1928, daga nan ta bazu har ta zama itacen da ya fi yawa a titunan garuruwan Arewa. An san ta da ɗaci, har ana haɗa maganin ƙwari da 'ya'yanta. Duk da haka, a shekarun 1980 wani ƙwaro mai ɓawo da masana ke kira Aonidiella orientalis ya auka wa dalbejiya a yankin Tafkin Chadi, ya kakkaɓe ganyen itatuwa masu yawa a Chadi da Nijar da Kamaru da arewa maso gabashin Najeriya, a daidai lokacin da fari ya riga ya galabaitar da su. Garin da ya dogara da itace iri ɗaya, ƙwaro ɗaya ya isa ya raba shi da inuwarsa.

Labarin mangwaro ya fi nuna tasirin birni a fili. A farkon shekarun 1980 wani farin ƙwaro daga kudu maso gabashin Asiya ya ɓulla a Togo da Gana, ya bazu cikin Afirka ta Yamma yana baƙanta mangwaro da lemo. Masana, ciki har da na cibiyar binciken noma ta IITA wadda ke da reshe a Kano, sun kawo wani ɗan ƙaramin zanzaro daga Indiya wanda yake yin ƙwai a cikin jikin ƙwaron ya kashe shi. An fara sakinsa a Togo a 1987, kuma ya yi aiki sosai a gonaki da ƙauyuka. Amma a Jamhuriyar Benin an lura cewa ƙwaron ya ci gaba da yin katutu a kan wasu itatuwa, galibinsu a cikin manyan garuruwa, har sai da aka ƙara kawo zanzaro iri na biyu.

Waɗanda birni ya kora

Masu kashe ƙwarin itace, irin su zanzaro da gizo-gizo da ƙananan tsuntsaye da hawainiya, suna buƙatar ciyayi da furanni da wurin ɓuya. Itace ɗaya tilo a tsakiyar tasha ba ya ba su ko ɗaya. Ƙurar hunturu da ta titi tana manne wa ƙananan zanzaron ta hana su farauta, shi kuwa mai ɓawo yana kwance ƙarƙashin sulkensa. Feshin maganin sauro ko fiya-fiya barkatai ma haka yake yi: yana kashe mai farauta da ke yawo a fili, ya bar wanda ya ɓuya.

Masu taunar ganye kuma sau da yawa raguwa suke yi a tsakiyar birni. Tsutsotsi iri-iri suna sauka ƙasa ne su kwanta a cikin turɓaya ko busasshen ganye kafin su yi fiffike. Idan gindin itacen siminti ne, ganyen kuma kullum ana share shi ana ƙonawa, sai zuriyar ta yanke. Hasken fitilu ma yana janye masu tashi da dare su yi ta kewaya ƙwan lantarki har su mutu. Wannan ba duka ne abin murna ba, domin tsutsa ita ce abincin da tsuntsaye da dama ke ciyar da 'ya'yansu da shi, kuma wasunsu suna da tarihi a kasuwancin Kano. Zaren alharinin nan na gida da ake kira tsamiya, wanda ake yi wa manyan riguna ado da shi, daga saƙar wata tsutsa yake fitowa, kuma ya samo sunansa daga itacen da take cin ganyensa. Unguwar da aka sare tsamiyarta ba ta da masaukin wannan tsutsa.

Masu huda itace su kuma rauni suke nema, birni kuwa yana samar da shi a kullum: ƙusar da aka kafa don rataye kaya ko allon talla, saiwar da aka datse wajen haƙa kwata, sharar da aka ƙona a gindi, ɓawon maɗaci da aka saɓule don magani. Ta nan gara da tsutsa suke shiga. Itacen yakan tsaya kamar lafiyayye alhali cikinsa ya zama kogo, sai iskar farkon damina ta kayar da shi a kan rumfa ko wayar lantarki.

Abin da ya kamata a yi

Mataki mafi amfani shi ne mafi araha. A bar wa kowane itace ƙasa buɗaɗɗiya a gindinsa, aƙalla taku biyu ta kowane ɓangare, maimakon a kai intalok har jikin kututture. A ba shi ruwa mai tsabta a watannin Maris da Afrilu, a kuma daina zuba masa baƙin mai da ruwan wankin mota. Idan an ga darɓa ko baƙin ganye, a duba bayan ganyen. Reshen da ƙwari suka cika a yanke shi a kawar da shi daga wurin, sauran a wanke da ruwa mai ɗan sabulu kafin a yi tunanin guba. Mai sayen dashen mangwaro ko lemo ya juya ganyen ya duba kafin ya biya, domin ta dashe ne baƙin ƙwari suka fi shiga sabon wuri.

Sauran aikin na hukumomi ne da ƙungiyoyin 'yan kasuwa. Ma'aikatar Muhalli da hukumar tsara birni ta KNUPDA suna iya sanya sharaɗin barin fili ga itace a cikin izinin gina shaguna da shimfiɗa tituna. A lokacin rabon dashe kuma a gauraya iri: tsamiya da maɗaci da durumi da ceɗiya tare da dalbejiya, a dasa su rukuni-rukuni yadda za su yi wa juna inuwa. Ya kuma dace a riƙa komawa bayan shekara uku ana ƙidaya waɗanda suka rayu, domin dashen da aka kafa a ramin siminti a gefen kwalta ba kasafai yake kaiwa girman da mai shayi zai zauna a ƙarƙashinsa ba.