Wasan Catan: Yadda Ake Gwada Wasa Kafin Lokaci Ya Ƙure

Duk wanda ya iya dara ya san ba mutum ɗaya ne ya zauna ya tsara dokokinta ba. Kaka da kakanni ne suka yi ta gyara ta a gindin bishiya har ta daidaita. Amma a ƙasar Jamus ƙirƙiro wasan zaune sana'a ce mai kamfanoni da ranar ƙarshe. Ana yin baje kolin kayan wasa a birnin Nurambag a farkon shekara, wani kuma a birnin Esen cikin watan Oktoba, sannan ga kasuwar Kirsimeti. Wasan da bai fito kan lokaci ba ya rasa ciniki, wanda kuma aka buga da kuskure a dokarsa, kuskuren ya shiga dubban kwalaye ke nan.

Tarihin wasan Catan ya nuna yadda ake fita daga wannan tsaka mai wuya. Wanda ya ƙago shi, Klaus Teuber, sana'arsa ƙera haƙoran roba ce a kusa da garin Darmstadt. In ya tashi daga aiki sai ya shige ɗakinsa ya yi ta yanke-yanken kwali. Labarin mutanen arewacin Turai da suka je suka zauna a tsibirin Aisland shi ne ya ba shi tunanin, ya kuma shafe wajen shekara huɗu yana fama da shi.

Masu gwada masa wasan su ne matarsa da 'ya'yansa. Ƙaramin ɗansa Benjamin ya ba da labarin cewa yakan ajiye littafin zane na Mickey Mouse kusa da shi, da zarar wasa ya gundure shi sai ya buɗe ya hau karatu. Da haka uban yake gane da sauran aiki. Yaro ba ya yabo don kara, shi ya sa shaidarsa ta fi ta abokan da ke jin nauyinka.

Babban abin da gwajin ya koya masa shi ne ragewa. Tsarin farko ya yi girma ainun: ga neman sababbin ƙasashe, ga kafa garuruwa, ga rigimar iyaka. Sai ya datse shi, ya bar kafa gari da ciniki kawai. Abin da ya rage shi ne tsibiri mai filaye 19 masu kusurwa shida, da albarkatu biyar, wato katako, tubali, ulu, alkama da tama. Mutum uku ko huɗu ke bugawa, wanda ya riga samun maki 10 shi ya ci. Abin da aka datse ma bai tafi a banza ba, domin ya zama wasanni biyu, Entdecker a 1996 da Löwenherz a 1997.

Akwai lissafi a ciki wanda ɗalibai za su amfana da shi. Ana jefa ƙwayoyi biyu irin na ludo, waɗanda ke iya faɗuwa ta hanya 36. Lamba 7 tana da hanya shida, 6 da 8 suna da biyar-biyar, 2 da 12 kuwa ɗaya-ɗaya tak. Don haka aka rubuta 6 da 8 da jan tawada, aka kuma hana ɗora su a filayen da ke maƙwabtaka, kada mutum ɗaya ya kwashe arziki. Ita 7 ba a ba ta fili ba. In ta fito ɓarawo ne ke motsawa, wanda ya tara kati fiye da bakwai kuma ya zubar da rabi.

Kamfanin Kosmos ya fitar da wasan a 1995. Kwali 5,000 na bugun farko suka ƙare nan da nan, kuma a shekarar ya ci kyautar Spiel des Jahres, wato gwarzon wasan shekara, karo na huɗu ke nan ga Teuber. Kafin rasuwarsa a 2023 an sayar da sama da miliyan 30 cikin harsuna fiye da 40.

Bahaushe ya ce sauri ya haifi nawa. Matashin da ke son ƙago wasa, ko malamin da ke shirya wa ajinsa ɗaya kafin hutu, ya fara da kwali da almakashi, ya kai wa waɗanda ba za su ji kunyarsa ba. In lokaci ya matso, kada ya ƙara dokar da ba a gwada ba, gara ya cire wadda ake shakka a kanta. Allah ya sa mu dace, amin.