Tanadin Ganye da Kayan Miya Domin Lafiyar Iyali



Gabatarwa

Batun da za mu tattauna a kansa yau, watau tanadin ganye da kayan miya, wataƙila wani ya ga bai kai a tara jama'a a zauren jami'a dominsa ba, ya ce ai wannan sha'anin madafa ne. To, amma duk wanda ya dubi yadda hawan jini da ciwon sukari suke yaɗuwa tsakanin ma'aikatan birane, da yadda ƙarancin jini yake wahalar da mata masu ciki da ƙananan yara, zai yarda cewa abin da ke shiga tukunya ya shafi asibiti, ya kuma shafi aljihu.

A cikin shekarar 2003, Hukumar Lafiya ta Duniya tare da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka ba da shawara cewa kowane baligi ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa a kowace rana, ban da rogo da doya da dankali. Wannan kuwa ya yi daidai da cikin tafin hannu biyar. Gidaje da yawa ba sa kaiwa ga wannan adadi saboda dalilai biyu: tsadar kayan miya a wani sashe na shekara, da ƙarancin lokaci ga maigida da uwargida waɗanda dukansu suke fita aiki. Abin da nake so in nuna shi ne, maganin waɗannan matsaloli biyu yana cikin tsohuwar al'adarmu ta tanadi, muddin mun gyara waɗansu kurakurai da binciken kimiyya ya bayyana.

Yalwa da ƙaranci

Daga watan Janairu zuwa Maris, lokacin da noman rani ya kankama a wurare irin su Kadawa da Kura a Jihar Kano, inda ake ban ruwa daga madatsar Tiga, tumatir da tattasai kan yi araha har su riƙa ruɓewa a kwando. Haka albasar Aliero ta Jihar Kebbi da ta Galmi a Jamhuriyar Nijar suke cika kasuwa a lokacinsu. Da bazara ta ƙare, damina ta faɗi, sai farashi ya tashi, alhali a lokacin ne kuma rama da yakuwa da tafasa da lalo da alayyahu suke yawaita. Wani lokaci ma ƙarancin ya fi na kullum. A shekarar 2016 wata tsutsa ta afka wa gonakin tumatir a arewacin Nijeriya, har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin, farashin kwando ya ninka sau da yawa.

Kakanninmu sun san wannan juyin shekara, shi ya sa suka bar mana kuka da busasshiyar kuɓewa da karkashi da kauɗar tumatir da gabu da daddawa. Kowane ɗayansu dabara ce ta ɗauko yalwar wani lokaci a kai ta lokacin rashi.

Abin da ke cikin ganye, da abin da ke lalata shi

Kafin mu yi maganar hanyoyin tanadi, ya kamata mu san abin da muke ƙoƙarin tsarewa. Zan ambaci abubuwa uku.

Na farko shi ne bitamin C, wanda ke taimakon warkewar rauni da lafiyar dasashi, yake kuma taimaka wa hanji ya tsotsi sinadarin ƙarfe na cikin ganye da wake. Tattasai yana cikin abubuwan da suka fi ƙunsarsa. Daga jan tattasai ne ma masanin nan na ƙasar Hangare, Albert Szent-Györgyi, ya tace shi da yawa, aka kuma ba shi lambar yabo ta Nobel a shekarar 1937. Wannan bitamin ba shi da juriya: yana narkewa a ruwa, zafi mai tsawo yana kashe shi, iska tana rage shi da zarar an yanka ganye.

Na biyu shi ne sinadarin karotin, wanda jiki ke mayarwa bitamin A. Ana samunsa a zogale da alayyahu da kuka da karas da kabewa. Rashinsa ke kawo dundumi, in ya tsananta ya makantar da yaro. Shi karotin yana jure dahuwa daidai gwargwado, amma hasken rana yana lalata shi, kuma jiki ba ya tsotsarsa sosai sai tare da mai. Ashe ke nan wadda ta fara haɗa kwaɗon zogale da ƙuliƙuli da ɗan man gyaɗa ta yi hikima.

Na uku shi ne sinadarai irin su ƙarfe da kalsiyam, da kuma harzar ganye mai sauƙaƙa bayan gida da rage saurin hawan sukari a jini. Waɗannan shanya ba ta taɓa su, amma wani ɓangare na sinadaran yakan bi ruwan da aka tafasa ganye aka zubar.

Saboda haka abokan gabar ganye su ne rana, da ruwa mai yawa, da doguwar dahuwa. Akwai kuma na huɗu, watau kanwa. Kanwa tana sa ganye ya yi laushi da wuri, ya riƙe korensa, miya ta yi yauƙi, amma tana rusa bitamin C da bitamin B1. Wanda ba zai iya barinta ɗungum ba, ya rage ta ƙwarai.

Tanadin shekara: shanya

Shanya ita ce hanya mafi arha, ba ta bukatar wutar lantarki, iskar ƙasarmu kuma ta dace da ita, musamman a hunturu. Ga ƙa'idojinta.

A tsince ganye a wanke shi kafin a yanka, domin in an yanka sannan aka wanke, amfaninsa yakan fita ta bakin yankan. Sa'an nan a turara shi a madambaci, ko a tsoma shi a tafasasshen ruwa na minti 2 zuwa 3 kawai, a tsame. Dalilin wannan shi ne, a cikin kowane ganye akwai waɗansu sinadarai da masana ke kira inzayim, waɗanda ke ci gaba da aiki bayan an tsinke shi, suna dusashe launinsa da ɗanɗanonsa. Ɗan zafin nan yana tsayar da su.

Bayan haka a baza ganyen a kan faifai ko tabarma mai tsabta, a inuwa, inda iska ke kaɗawa, a bisa wani abu mai tudu. Matan da ke sayen kuka sun san cewa koriyar kuka ta fi wadda ta koɗe, kuma koren nan alama ce ta cewa a inuwa aka shanya ta. Tumatir da tattasai da kuɓewa, saboda yawan ruwansu, suna bukatar rana don su bushe kafin su yi tsami. A yanka su sirara, a rufe da yadi mai shara-shara saboda ƙuda da ƙura, a kwashe da yamma kafin raɓa ta sauka.

A nan dole in ja kunne game da shanya a gefen titi, wadda muke gani a kan manyan hanyoyinmu. Ban da ƙura da hayaƙin mota da kashin dabbobi, ɓera yana bin abincin da aka shanya a ƙasa, fitsarinsa da kashinsa kuwa su ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganewa a garin Lassa na ƙasar Barno a shekarar 1969.

Haɗari na biyu shi ne funfuna. Abin da bai bushe sarai ba, in aka ƙulle shi, yakan yi funfuna, wani irinta kuma yana fitar da dafi mai suna afalatoksin. An gano wannan dafi ne bayan da talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila a shekarar 1960, sanadiyyar abincin kaji da aka haɗa da gyaɗar da aka shigo da ita daga Barazil. Dafin yana iya jawo ciwon daji na hanta, kuma dahuwa ba ta kashe shi. Yakan kama gyaɗa da masara da busasshen barkono. Don haka ganye bai bushe ba sai ya marmashe a hannu, kuɓewa kuma sai ta karye ƙas. A zuba a kwalba ko gwangwani mai murfi, a ajiye a wuri mai duhu marar laima. Abin da ya yi funfuna kuwa a zubar da shi, kada a ce za a kakkaɓe a yi amfani da saura.

Shanya tana rage bitamin C sosai ko da an bi ƙa'ida. Saboda haka ranar da aka yi miyar kuka ko ta busasshiyar kuɓewa, yana da kyau a ci lemo ko gwaiba ko mangwaro a bayanta, a kuma jinkirta shan shayi, domin shayi yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe.

Tanadin mako: aikin rana ɗaya

Ma'aikacin da ya tashi aiki da la'asar, ko ɗalibin da ya fito daga aji a gajiye, ba ya ƙin ganye don ƙiyayya. Tsinta da wanki da yanka da markaɗe ne ke cin lokaci, sai a koma ga abin da ya fi sauri, ko taliya da mai, ko burodi da shayi. Dabarar ita ce a tattara wannan wahala a rana ɗaya, alal misali Asabar, bayan an dawo daga kasuwa.

A markaɗa tumatir da tattasai da attaruhu da albasa gaba ɗaya, a dafa har ruwan ya tsotse, a soya da ɗan mai, a raba gida-gida gwargwadon girki ɗaya. Jan sinadarin da ke cikin tumatir, watau laikofin, ya fi shiga jiki in an dafa shi da mai. Alayyahu da zogale a turara su, a matse, a dunƙula. Kabewa a fere a yanka, karas da kabeji a wanke a tsane su sarai, domin laima ce ke ruɓar da su. Latas da kokwamba da duk abin da za a ci ɗanye, a wanke da ruwa mai tsabta sosai, saboda waɗansu lambunan cikin gari da ruwan kwata ake ba su, kada kuma a yanka su sai an zo ci.

Wanda ya yi haka, miyar taushe ko faten tsaki ko dafa-duka mai ganye ba za su ɗauke shi dogon lokaci ba. A zuba ganye a ƙarshen girki, a sauke yana kore. In an tafasa ganye, ruwan ya shiga miya. Miyar da ta ji kayan lambu da daddawa da citta da tafarnuwa kuma ba ta bukatar dunƙule da yawa, wanda gishiri ne kan gaba a cikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da baligi zai ci a yini ya kai giram 5, watau kimanin ƙaramin cokali ɗaya, saboda hawan jini.

Sai dai dafaffen abu yana da sharaɗi. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da digiri 60 na ma'aunin Salshiyos, zafin ɗakunanmu kuwa a tsakiyar wannan yake. Kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a fili. A firji yakan yi kwana 3 zuwa 4, a sashen ƙanƙara kuma ya yi watanni, in wuta ba ta yankewa. Inda wuta ba ta da tabbas, kada a dogara da man da ya rufe saman markaɗe, a yi kaɗan wanda za a cinye da wuri, a kuma tafasa shi sosai kafin kowane amfani.

Randa cikin randa

Ga gidan da ba firji, akwai dabarar da wani malami a Jihar Jigawa, marigayi Mohammed Bah Abba, ya yaɗa a ƙauyuka, har kamfanin Rolex ya ba shi lambar yabo a shekarar 2000. Ana sa ƙaramar randa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke bi. Yayin da ruwan ke tsatsafowa ta jikin babbar randar yana bin iska, sai ya tafi da zafin ciki, kamar dai yadda ruwan randa ke sanyi. A gwajin da ya yi, gautan da kan lalace cikin kwana 3 ya kai kwana 27. Dabarar ta fi aiki a rani, lokacin da iska ta bushe, ƙarfinta yakan ragu da damina. Ta ɗanyen kayan lambu ce, ba a ajiye nama ko dafaffen abinci a cikinta.

Kammalawa

A taƙaice, abin da ake bukata daga gare mu bai fi ƙarfin kowa ba: a sayi kaya lokacin araha, a shanya ganye a inuwa kuma a bisa, a tabbatar ya bushe, a rage kanwa da doguwar dahuwa, a keɓe rana ɗaya a mako domin aikin kayan miya. Wannan kuma bai kamata a bar wa uwargida ita kaɗai ba. Maigida ne yawanci ke riƙe da kuɗin cefane, shi ya kamata ya san watan da kwandon tumatir ke araha, yara maza da mata kuma su sa hannu a tsinta da shanya. Ku ɗalibai, gobe ku ne malamai da jami'an lafiya da malaman gona, ta bakinku wannan ilmi zai isa karkara. Ku ma'aikata, albashin wata ɗaya na iya ƙarewa a kan magani cikin mako guda, Hausawa kuwa sun ce rigakafi ya fi magani.

 Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya, Ya albarkaci abin da muke ci.