Unguwa da Masu Riƙonta: Nazari a Kan Karaye da Rogo

Gabatarwa

Masu nazarin sha'anin mulki sun fi mai da hankali ga abin da ke gudana a fadar gwamnati da zauren majalisa, alhali kuwa talaka a ƙofar gidansa yake gamuwa da hukuma. Yana gamuwa da ita a bakin famfon da ya ƙi kawo ruwa, da lambatun da ya toshe, da filin makabartar da wani ya fara ci da gini. Saboda haka wannan lacca za ta sauko ƙasa, ta dubi unguwa, watau mafi ƙanƙantar rukunin jama'a da ke da shugaba nata na kanta. An ɗauki garuruwan Karaye da Rogo, a yammacin Jihar Kano, don su zama misali. Tambayar da za a bi ita ce: idan abin da jama'ar unguwa suka yi tarayya a kansa ya lalace, wane ne alhakin gyaransa ya rataya a wuyansa?

Ƙasar da Mutanenta

Karaye tsohon gari ne. Tarihin sarautar Kano ya ambace shi cikin yaƙe-yaƙen da aka yi da Katsina a ƙarni na 16 da na 17, domin gari ne na bakin iyaka, wanda ke tsare Kano ta yamma. Yana kuma cikin 'yan garuruwan ƙasar Kano, irin su Rano da Gaya, waɗanda sarakunansu ke zaune a cikinsu tun kafin zuwan Turawa, a lokacin da yawancin hakimai ke riƙon ƙasashensu daga cikin birni. Rogo kuwa tana can gefen jiha, ta yi iyaka da Jihar Kaduna da Jihar Katsina, ƙasar noma ce mai albarkar hatsi da rake.

A ƙidayar 2006 Ƙaramar Hukumar Karaye ta haura mutum 140,000, ta Rogo kuma ta haura 220,000. Su biyun suna tarayya a kujera ɗaya ta Majalisar Wakilai ta Tarayya. A ƙasar Karaye ne madatsar ruwa ta Challawa take, wadda aka gina tsakanin 1990 da 1992, mai iya tara ruwan da ya kai kimanin mita-kubik miliyan 900. A nan kuma, a Kusalla, aka kafa sansanin horar da matasa masu yi wa ƙasa hidima na Jihar Kano, wanda kan jawo baƙi daga kowane sashe na Nijeriya.

Garuruwan nan biyu sun wuce a kira su ƙauyuka, ba su kuma kai birni ba. Akwai sakatariya, da asibiti, da makarantu, da kasuwa, da tashar mota, da 'yan haya da ma'aikata waɗanda ba a nan aka binne cibiyarsu ba. Watau matsalolin birni sun riga sun iso su, amma kayan aikin da birni ke magance su da shi bai iso ba tukuna.

Igiya ta Farko: Sarauta

Igiyoyi biyu ne ke ɗaure unguwa da hukuma. Ta farko ita ce ta sarauta: mai unguwa yana ƙarƙashin dagaci, dagaci yana ƙarƙashin hakimi, hakimi yana ƙarƙashin sarki. A zamanin En'e wannan igiya ita kaɗai ce, kuma a miƙe take. Mai unguwa shi ke ƙidaya magidanta, ya tara haraji, ya miƙa wa dagaci, har kuɗin ya isa Baitulmali. Shi ke kai rahoton baƙo, da annoba, da gobara, da mutuwa. Duba-gari in ya zo, da shi yake zagayawa. Ba a cewa zamanin ba shi da zalunci. Haraji ya sa magidanta da yawa sun bar garuruwansu, kuma a kan wannan ne jam'iyyar NEPU ta gina babban ɓangare na gwagwarmayarta. Amma dai kowa ya san wanda za a tambaya in abu ya ɓaci.

Abubuwa biyu suka sassauta wannan igiya. Na farko shi ne gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976, wanda ya kammala karɓe ikon zartarwa daga hannun sarakuna, bayan an riga an karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari a ƙarshen shekarun 1960. Na biyu shi ne soke haraji da jangali da Gwamna Abubakar Rimi ya yi a 1979. Talaka ya huta, babu shakka. Sai dai tun daga ranar mai unguwa ya rasa aikin da ke sa shi bin gidaje ɗaya bayan ɗaya kowace shekara, hukuma kuma ta rasa dalilin da ke tilasta mata sanin yawan magidantan kowace unguwa.

Abin da ya rage wa mai unguwa shi ne yarda. Har yanzu wurinsa ake zuwa in maƙwabta sun saɓa a kan katanga ko indararo, shi ke shaidar cinikin fili, shi ke tabbatar da cewa wane ɗan unguwa ne kafin a ba shi takardar shaidar ƙaramar hukuma. Yana da kunnen jama'a, amma ba shi da asusu, ba shi da ma'aikaci ko ɗaya, Tsarin Mulkin 1999 kuma bai ambace shi ba.

A sama, sarautar ta sha jujjuyawa. A 2019 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ɗaga Karaye ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya, tare da Rano da Gaya da Bichi, Alhaji Ibrahim Abubakar na Biyu ya zama sarkin yanka. A watan Mayu na 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta soke wannan doka, a watan Yuli kuma ta kafa Masarautar Karaye mai daraja ta biyu, wadda ta ƙunshi Karaye da Rogo, aka naɗa Alhaji Muhammad Maharaz, wanda a lokacin yake riƙe da hakimcin Rogo. Ba aikin wannan lacca ba ne yanke hukunci a kan waɗannan sauye-sauye. Abin lura kawai shi ne, a cikin shekara 5 an sake fasalin saman igiyar sau biyu, amma matsayin mai unguwa, wanda ke ƙasanta, yana nan inda 1979 ta bar shi.

Igiya ta Biyu: Zaɓe

Igiya ta biyu ita ce ta kansila da shugaban ƙaramar hukuma. Ita ce doka ta sani. Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya jera ayyukanta dalla-dalla: kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, makabartu, kwashe shara, magudanan ruwa, hanyoyin cikin gari, sa wa tituna suna da gidaje lamba, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da kuma sa hannu a ilmin firamare da kiwon lafiya. Duk wanda ya dubi wannan jeri zai ga cewa rayuwar unguwa ce gaba ɗayanta aka rubuta.

To, me ya hana ta aiki? Dalili na farko nisa ne. Kowace ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin nan tana da mazaɓu 10. A Rogo akwai irin su Rogo Ruma, da Rogo Sabon Gari, da Zarewa, da Beli. A Karaye akwai irin su Turawa da Yammedi. In aka raba jama'ar 2006 a kan kujerun, kansila ɗaya a Rogo na wakiltar fiye da mutum 22,000, a Karaye kuma kimanin 14,000, ga shi kuwa jama'a sun ƙaru ainun tun daga lokacin. Mutum ɗaya ba zai san lambatun kowane lungu a cikin wannan taro ba.

Dalili na biyu kuɗi ne. Abin da ƙaramar hukuma ke tarawa a kasuwa da tasha kaɗan ne. Yawancin abin da take kashewa daga asusun tarayya yake zuwa, shekara da shekaru kuma yana bi ta asusun haɗin gwiwa da gwamnatin jiha. Shugaban da kuɗinsa daga sama ke zubowa, sama zai riƙa duba. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomin riƙo a madadin zaɓaɓɓu. Aiwatar da hukuncin ya gamu da jinkiri, ko da kuwa an aiwatar da shi sarai, isowar kuɗi sakatariya daban, isowarsu lungu daban.

Inda Abubuwa ke Faɗawa

Ke nan mai yarda ba shi da kuɗi, mai kuɗi ba shi kusa. A cikin wannan rata ne abin tarayya ke faɗawa. Misalai uku sun isa.

Na farko ruwan sha. Ƙasar da ke ɗauke da madatsar Challawa da ta Kusalla ba ta rasa ruwa ba, amma gidaje da yawa da rijiyar burtsatse da 'yan garuwa suka dogara. Haƙa rijiya abu ne mai farin jini, domin ana ƙaddamar da ita da taro, a rubuta sunan wanda ya kawo ta. Gyaranta kuwa ba shi da biki. Ranar da ƙaramin ƙarfe ya karye a cikin famfo, wanda ya haƙa ya tafi, ƙaramar hukuma ba ta sa ta cikin kasafinta ba, masu ɗiba kuma kowa na jiran wani. Sai a wayi gari aikin miliyoyin Naira ya tsaya saboda gyaran 'yan dubbai.

Na biyu ruwan sama. A tsohon tsarin garin Hausa, ramin da aka ɗebi ƙasar gini shi ke zama kududdufi, shi ke shanye ruwan unguwa da damina. Da fili ya yi daraja, sai aka shiga cike kududdufai da shara ana yankawa ana sayarwa, ba tare da an yi wa ruwan wata hanya ba. Ga leda ta toshe ɗan lambatun da ake da shi. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. In aka tare shi sai ya shiga ɗakin wanda bai ci ko kwabo a cinikin ba, ya jiƙa gindin katangar ƙasa, ya bar sauro da zazzaɓi.

Na uku fili. Dokar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamna, na karkara kuma ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar riƙonsu. A gefen gari irin Karaye ko Rogo, inda gona ke rikiɗa ta zama fuloti, yawancin ciniki da takardar hannu ake yinsa, da shaidar mai unguwa ko dagaci. Mai gona yana yanka ne don ya sami yawan fuloti, ba wanda ya tilasta masa barin hanya mai faɗi, ko filin makaranta, ko makabarta. Bayan shekara 10 sai a sami unguwar da motar kashe gobara ba ta iya shiga.

Abin da Tarihi ya Nuna

Akwai shaidar cewa in an haɗa igiyoyin biyu, aiki na yiwuwa. A 2003 Jihar Kano ta dakatar da rigakafin shan-inna saboda zargin da ya bazu a kansa, cutar ta yaɗu har zuwa wasu ƙasashe, ba a koma yi ba sai a 2004. Abin da ya juya al'amarin daga baya shi ne sa sarakuna cikin aikin, musamman daga 2009. Aka ba mai unguwa aiki takamaimai: ya san gidajen da ke da ƙananan yara, ya raka ma'aikata, ya kai sunan wanda ya ƙi ga dagaci. Hukuma ta kawo magani da kuɗi, sarauta ta kawo yarda. Daga 2014 ba a sake samun asalin ƙwayar cutar a Jihar Kano ba, a 2020 kuma aka tabbatar an kawar da ita daga nahiyar Afirka.

Haka nan jama'a ba su taɓa zama hannu rabbana ba. Gayya tsohuwar al'ada ce, ta kuma sauya kama ta zama ƙungiyoyin taimakon kai da kai, da kwamitin masallaci, da na iyayen yara, da 'yan sintiri, waɗanda muhimmancinsu ya ƙaru a ƙasar da ta yi iyaka da jihohin da ke fama da ɓarayin daji. Rauninsu ɗaya ne: sun fi ƙarfi ranar da masifa ta auku. Gayya na iya yashe lambatu a yini guda, amma ba ta iya hana shi sake toshewa.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa ciwon unguwa ba rashin shugabanni ba ne. Sun ma yi yawa. Abin da ta rasa shi ne mai riƙo, watau wanda aka ambaci sunansa a kan kowane abu na tarayya. Maganin kuwa bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba. Kowace unguwa ta rubuta abin da ta mallaka: rijiyoyi, magudanai, kududdufai, makabarta, filin makaranta, a ajiye kwafe wurin mai unguwa, wani a sakatariya. Kada a ƙaddamar da rijiya sai an kafa mata kwamiti da asusun gyara, a kuma sa mata a ciki, tun da su ne suka fi kowa sanin ranar da ruwa ya yanke. Kada mai unguwa ya shaidi yanka gona sai an fitar da hanya da magudana. Kansila kuma ya zauna da masu unguwannin mazaɓarsa kafin a tsara kasafin shekara, a karanta wa jama'a abin da aka amince a kai.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar gyaran Tsarin Mulki. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, gaskiya ne. Amma ko da hannuwa sun taru, sai an nuna wa kowa kusurwar da zai kama kafin jinka ta hau ɗaki.