Ɗan Sanda a Harabar Makaranta: Yadda Denver Ta Sallame Shi, Ta Kuma Kira Shi

A Amurka ba shugaban ƙasa ke cewa a ajiye ɗan sanda a makarantar gwamnati ko a cire shi ba. Galibi hurumin hukumar makarantu ne ta gari, wadda jama'a ke zaɓen wakilanta da ƙuri'a kamar yadda muke zaɓen kansila. A Denver, babban birnin jihar Kolorado, mutum bakwai ne a wannan hukuma, kuma cikin shekara uku sun yanke hukunci biyu masu karo da juna a kan magana ɗaya.

Na farko a watan Yuni na 2020 ne, 'yan makonni bayan wani ɗan sanda ya danne wuyan George Floyd da gwiwa a Minneapolis har rai ya yi halinsa. Gari ya ɗauki zafi, hukumar ta haɗa baki ta soke yarjejeniyarta da rundunar 'yan sandan birnin, aka ce a janye jami'an kafin tsakiyar 2021.

Ba haushin Floyd kaɗai ya jawo haka ba, an daɗe ana kuka. Yara biyu su ba hammata iska a lokacin tara, ko a ga ƙullin wiwi a jakar ɗalibi, maimakon shugaban makaranta ya kira iyaye, sai jami'in da ke bakin ƙofa ya rubuta sammaci. Yaro ya bar aji ya tafi kotu, uwa ta bar aikin yini ta raka shi, ga tara, ga suna ya shiga kundin masu laifi tun gemu bai fito ba. A 'yan shekarun da suka gabaci 2020 an yi wa ɗaliban Denver irin wannan sammaci ko kamu sau dubbai, kuma 'ya'yan baƙar fata da na 'yan asalin Latin Amurka ne abin ya fi faɗawa kansu. A nan ina tare da hukumar. Duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san rashin jin ɗan shekara sha huɗu aikin malami ne da iyaye, kuma da zarar an ajiye mai ankwa a kusa, malamin da ya gaji zai riƙa tura masa abin da shi ya kamata ya kashe.

Sai dai an cire ɗan sanda, ba a cire bindiga daga unguwa ba. A Fabrairun 2023 aka harbi wani ɗalibi ɗan shekara 16 cikin mota a gefen makarantar East High, ya rasu bayan makonni biyu, 'yan makaranta suka yi tattaki zuwa majalisar jiha. Ranar 22 ga Maris kuma, a wannan makaranta dai, wani ɗan shekara 17 da aka ɗora wa sharaɗin a riƙa laluba jikinsa kullum kafin ya shiga aji ya zaro bindiga ya harbi jami'an ladabtarwa biyu da ke binciken nasa. Sun tsira da raunuka. Shi kuwa a daren aka tsinci gawarsa a cikin duwatsu. A lura da waɗanda aka bar wa wannan aiki: ma'aikatan makaranta, hannu rabbana.

Shugaban makarantun birnin, Alex Marrero, bai jira kowa ba. Ya ce zai mayar da 'yan sanda masu makami ko da ya saɓa wa dokar hukumar. Washegari hukumar ta jingine dokar tata, a watan Yuni kuma ta soke ta da ƙuri'a 4 da 3, bisa sharaɗin jami'ai ba za su sa hannu a horon yau da kullum ba, kuma za a riƙa bibiyar sammacin da suke rubutawa.

Ko dawowarsu za ta hana harbi? Mutanen Kolorado sun fi kowa sanin amsar ba ta da daɗi. A makarantar Columbine, nan bayan garin Denver, akwai jami'i mai bindiga lokacin da aka kai hari a Afrilun 1999, har ya yi musayar wuta da maharan, amma aka kashe ɗalibai 12 da malami ɗaya a ranar. Bayan wannan ne ma gwamnatin tarayya ta zuba kuɗi aka cika makarantu da jami'ai. Abin da bincike ya fi nunawa shi ne suna rage dambe da faɗace-faɗace, suna kuma ƙara yawan yaran da ake kora ko kamawa.

Shi ya sa kowane wuri ya kama gabansa. A 2023 jihar Texas, bayan kisan yara 19 da malamai biyu a wata makaranta a garin Uvalde, ta wajabta mai gadi da makami a kowace makarantar gwamnati. A Fabrairun 2024 hukumar makarantun Chicago ta kaɗa ƙuri'ar fitar da nata 'yan sandan.