Kafin a Sha Maganin Ƙarin Jini, a San Abin da Ya Cinye Jinin

A Gaya, da zarar damina ta kankama, maganar da aka fi ji a bakin iyaye mata a ƙofar gidan likita ita ce, "An ce ba ya da jini." Yaro ya yi fari fat, tafin hannu da cikin ido sun koɗe, ya daina wasa. Mai ciki ta ɗan taka zuwa rijiya ta dawo tana haki, jiri na ɗibarta. Abin da kan biyo baya sananne ne. A sayo kwalbar maganin ƙarin jini wurin mai talla, a haɗa maltina da madarar gwangwani, wata tsohuwa ta ce a dafa karan dafi. Wani lokacin a dace. Sau da yawa kuɗi ne ya tafi, ainihin ciwon kuma yana nan yana aikinsa.

Lamarin ya yi yawa a ƙasar nan. Binciken lafiyar al'umma da aka yi a faɗin Nijar a 2012 ya nuna cewa yara 73 cikin 100 masu wata 6 zuwa 59 suna da ƙarancin jini, haka ma mata 46 cikin 100 masu shekara 15 zuwa 49. Abin da ba a cika bayyana wa mutane ba shi ne, ƙarancin jini alama ce, kuma abubuwa da dama ke kawo ta. Rashin sinadarin ƙarfe, wanda ma'aikatan lafiyarmu ke kira fer, shi ne babba, amma a ƙasar Dendi yana da abokan ta'adi. Gaya na cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Nijar, ga kogi, ga fadamun shinkafa da rake, don haka sauro ba ya janyewa da wuri, zazzaɓinsa kuwa fasa ƙwayoyin jini yake yi. Yaran da ke wanka da kamun kifi a bakin kogi da magudanan ruwa suna ɗaukar tsargiya, jini ya riƙa bin fitsari kaɗan-kaɗan har tsawon shekaru. Akwai tsutsar ciki mai shiga ta tafin ƙafa, ta je ta laƙe a hanji tana tsotsa. Akwai amosanin jini, wato sikila, da ake gado. Ga haihuwa kusa-kusa da jinin al'ada mai yawa. Kowane da maganinsa, ƙwayar ƙarfe kuwa ba ta kashe tsutsa, ba ta korar zazzaɓi.

Gwaji biyu ne mutane ke haɗawa su ɗauka ɗaya ne. Na farko awon hemogilobin, jan sinadarin da ke kai iskar numfashi sassan jiki. Shi ne awon jinin da kowa ya sani, ɗigo ɗaya daga yatsa ya isa, ƙaramar na'ura irin HemoCue ta ba da lamba nan take. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, namiji babba da ya kasa 13, mace da ta kasa 12, da mai ciki da ta kasa 11, suna da ƙarancin jini; ƙananan yara ma iyakarsu tana wajen 11 ɗin. Mai ciki ko ƙaramin yaro da ya sauka ƙasa da 7, nasa ya yi tsanani. Na biyu shi ne feritin, wanda ke nuna ƙarfen da jiki ya ajiye a hanta da ɓargo. Hemogilobin kamar tuwon da ke tukunya ne yau, feritin kuwa hatsin da ke rumbu. Rumbu kan yi wata da watanni yana raguwa ana ci gaba da cin tuwo, sai ya ƙare sannan a ga tukunya ta ja baya. Shi ya sa mace kan yi ta fama da kasala, zubewar gashi, kwaɗayin farar ƙasa ko taunar ƙanƙara, a auna jininta a ce lafiya lau, alhali ajiyarta ta ƙare.

To, feritin ɗin ne ke wuyar samu. Yana buƙatar na'ura da sinadaran gwaji masu tsada, da wuta da firiji da ba sa yankewa, don haka galibi sai manyan ɗakunan gwaji na birane. Mutumin Gaya da aka rubuta masa shi yakan fara lissafin hanya. Dosso, inda babban asibitin jiha yake, tafiyar kusan kilomita 150 ce, Yamai kuwa kusan ninkin haka. A da wasu kan tsallaka gada zuwa Malanbil su nufi Kandi ko Paraku, sai rufe iyakar Benin da ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya mai da jama'a ga kwale-kwale, wanda ba abin hawan marar lafiya ba ne. Wasu su bi ta Kamba zuwa Birnin Kebbi ko Sakkwato. Kuɗin mota da na abinci da na kwana sukan fi kuɗin gwajin kansa.

Kafin a ɗauki wannan wahala, a san cewa feritin yana yaudara. Zazzaɓi, gyambo, tarin fuka, ciwon hanta, duk suna sa shi ya hau ko da ajiyar ƙarfe ta ƙare ƙaf. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ta ce ƙasa da 15 ga babba, ko ƙasa da 12 ga yaron da bai kai shekara 5 ba, rashin ƙarfe ne. Amma idan akwai ciwo mai kumburi a jiki, iyakar ta koma 70 ga babba, 30 ga yaro. Ke nan wanda ya tashi daga zazzaɓi jiya, ya hau motar Yamai yau, aka ba shi takarda mai lamba 40, zai dawo gida da murnar cewa ƙarfensa ya isa, alhali ba lalle ba ne. A ganina irin wannan tafiya asara ce tsagwaronta. A bari ƴan makonni su wuce bayan an warke, ko a nemi a haɗa da gwajin CRP, wanda ke nuna ko akwai kumburi a jiki.

Yawancin amsar ma tana kusa da gida. Gwajin da ake kira NFS, irin wanda ake nema a asibitin gunduma, yana ƙirga ƙwayoyin jini har ya faɗi girmansu. A duba layin da aka rubuta VGM a takardar. Idan ya kasa 80 ga babba, ƙwayoyin sun ƙanƙance, kuma abin da ya fi kawo haka rashin ƙarfe ne. A haɗa da gwajin zazzaɓin cizon sauro na gaggawa da ake yi a gidan likita na CSI. A kai fitsari da bayan gida a duba ƙwan tsargiya da na tsutsa, musamman ga ɗan makiyayi, ɗan masunci da mai aikin shinkafa. Idan yaro na yawan ciwon ƙasusuwa ko idonsa na yin rawaya, a yi gwajin sikila na Emmel. Shi dai ba ya bambanta mai ɗauke da iri kawai da mai cutar sosai, sai babban gwajin da ke tantance AS da SS, amma yana nuna hanya.

Idan an kawar da waɗannan, likitoci suna da wata tsohuwar dabara mai kyau. A auna hemogilobin a rubuta, a ba da ƙwayar ƙarfe, a sake awo bayan wata ɗaya. Idan lambar ta hau da 1 zuwa 2, jiki ya ba da amsa da kansa, rashin ƙarfe ne. Daga nan sai a ci gaba da sha har kusan wata 3 bayan jinin ya daidaita, don ajiyar ta cika. Inda ake yawan faɗuwa shi ne awo na biyu. Mutum ya ji sauƙi-sauƙi, shi ke nan ba a sake ganinsa ba. Wasu kuma su bar sha don kashinsu ya yi baƙi, alhali aikin ƙwayar ke nan, ba wata cuta ba. Wasu su kora ta da shayi, kuma mu nan shayi ba ya sauka daga kan gawayi. Shayi da kofi da madara suna hana hanji tsotsar ƙarfe, lemun tsami da gwaiba da tumatir suna taimaka masa. A raba su da awa ɗaya ko biyu.

Wanda ya sha yadda ya kamata jinin bai motsa ba, ko ya hau ya sake faɗuwa, shi ne ya cancanci tafiya neman feritin. Shi ma kafin ya hau mota ya tambayi mai ɗakin gwaji ko ana iya ɗibar jinin a tace ruwansa a aika cikin sanyi, domin yakan yi kwanaki a firiji bai lalace ba. A buga waya a tabbatar akwai kayan gwajin a ranar. A tafi da duk tsofaffin takardu. Wanda ya tsallaka Najeriya zai ji ana kiran awon jini PCV. A raba lambar gida uku, sai ta ba da kusan hemogilobin, wato PCV 30 daidai yake da kusan 10. Idan kuma za a yi wa mutum ƙarin jini, a roƙi a ɗebi na gwaji tukuna, don jinin wani yana rikita sakamako, na sikila ma har tsawon watanni.

Akwai masu cewa ai maganin ƙarin jini ba ya illa, a sha kawai. Yana yi. A tsibirin Pemba na Tanzaniya, inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, an bai wa dubban ƙananan yara ƙarfe kullum ba tare da tantancewa ba. Sakamakon da aka wallafa a 2006 ya nuna waɗanda suka sha sun fi kwanciya asibiti, har sai da aka dakatar da ba su tun kafin lokaci. Shi ya sa ake cewa a wuri irin namu ƙarfe da gidan sauro da maganin zazzaɓi tare suke tafiya. Mai sikila da aka sha yi wa ƙarin jini, ƙarfe ya riga ya taru masa, ƙari cutar da hanta da zuciya zai yi. Jiki ba shi da hanyar fitar da wanda ya yi yawa. Ƙwayoyin ƙarfe na awon ciki da uwa ta ajiye a kan tabarma, idan ɗan rarrafe ya kwashe ya haɗiye, guba ce mai kisa. Namiji babba kuwa, ko mace da ta daina al'ada, idan aka same su da rashin ƙarfe, tilas a nemi inda jinin ke tsiyaya: basir, gyambon ciki, wani lokacin ciwon daji na hanji, ko magungunan ciwon jiki irin diclofenac da ibuprofen da manoma da ƴan kabu-kabu ke sha kullum kamar goro. Kwalbar ƙarin jini tana iya rufe wannan alama har lokaci ya ƙure.

Masu ciki nasu dabam ne. Ba sa jiran feritin. Ƙwayar ƙarfe da folik da ake bayarwa a wurin awo, a sha ta kullum, tare da rigakafin zazzaɓi da maganin tsutsa da unguwarzoma za ta ba da bayan wata uku na farko. Tun 2006 gwamnati ta ayyana awon ciki da kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Ta fuskar abinci, hanta da nama da kifin kogi sun fi. Wake, zogale da kuka suna taimakawa. Maltina da madara dai zaƙi ne da ƙiba, ƙarfen da ke cikinsu bai taka kara ya karya ba.

Yaron da ya yi fari yana numfashi sama-sama, ko ya kasa shan nono, ko mai ciki da ƙafafunta suka kumbura tana haki ko a zaune, waɗannan ba a yi musu lissafin Dosso ko Yamai. A kai su asibitin Gaya a ranar, kuma ƴan uwa masu lafiya su bi su a shirye su ba da jini. Sauranmu kuma, duk wanda aka auna wa jini ya tambayi lambar, ya sa a rubuta masa ita da kwanan wata, ya koma awo na biyu bayan wata ɗaya.